Warin da Inna Kaɗai Ke Ji

Ban taɓa ganin mutumin da mota ta ɗauke wa hankali irin Tambari ba, kuma motar ma ba tasa ba ce. Taubashina ne, shi ɗan namiji ni ɗan mace, kakarmu ɗaya, Inna Ummukulthum. Don haka idan kun ji ina yanka shi kada ku ce hassada ce, haƙƙina ne tun ranar da aka haife ni. Sai dai abin da zan ba ku labarinsa ya wuce wasan taubasai.

Motar tsohuwar jif ce ta kakanmu, marigayi Alkali, irin mai tsawon ƙafafun nan da ke keta rairayi da taɓo ba ta san an yi ba. Duk Wurno Ta-Alkali ake ce mata. Da aka zo rabon gado sai 'ya'yansa suka ce kada a taɓa ta, a bar wa Inna, a riƙa kai ta wurin danginta a Boyekai can ƙasar Goronyo, da asibiti idan ta kama. Ana cikin tunanin wanda za a ba makulli, Tambari ya riga ya miƙo hannu.

Inna ba mai yawan fita ba ce, wani lokaci sai wata ya wuce ba ta leƙa ƙofar gida ba. Sauran kwanakin duk na Tambari ne. Ta'aziyya, ɗaurin aure, har taron da ba a gayyace shi ba, kana waiwayawa za ka ga Ta-Alkali ta faka inda ta fi tare hanya. Gilashin direba kullum a sauke, hannun hagu a waje, don agogonsa mai madaurin fata ya fuskanci jama'a. Rana ta dafa hannun nan har ya fi ɗan'uwansa baƙi, bai taɓa shigar da shi ba. Turare kuwa ba fesawa yake yi ba, wanka yake yi da shi, kafin ka gan shi ka ji shi.

Amma aljihun bai kai girman rigar ba. A ranakun yawonsa lungu yake nema inda ba a san shi ba, ya sayi galan ɗaya wurin 'yan bumburutu, allurar mai tana kwance yana tafe yana addu'a a zuci. Ranar da za a kai Inna unguwa ce sallarsa, don Kawu Yazid, babban gidan yanzu, shi ke ba da kuɗin mai. Ran nan sai gidan mai na bakin titi, kuma sai ya daidaici lokacin da mutane suka taru. Zai fito ya gyara hula ya ce da ƙarfi, "Cika ta!" Idan famfo ya yanke, ba a gama ba. Sai ya sa a dafa motar a yi ta girgiza ta har man ya faɗa, a ƙara, a sake girgizawa, a ƙara, har sai ya ga fetur yana rawa a bakin tanki. Direbobi da yawa na yin haka, amma ban taɓa ganin wanda yake yi yana duba fuskokin 'yan kallo ba sai shi.

Bayan damina Inna ta dawo daga Boyekai da ciwon kai, ta kwana tana amai. Da safe da muka shiga gaishe ta ta dubi Tambari ta ce, "Motag ga tana warin mai. Tun Wurno har Boyekai awa an tsoma kaina cikin jarka."

"Wane mai, Inna?" in ji shi. "Ni ka tuƙa ta kullum, ban ji komi ba."

Ina zai ji? Yana gaba, iska na dukan fuskarsa, hancinsa na ƙarƙashin rabin kwalbar turare. Inna kuwa a baya take zama, gilashi a rufe, don ba ta yarda mazan titi su kalle ta. Mai raka ta, tsohuwa Zinariya, garin taba ya daɗe da kashe mata hanci, ko kusa da mushe ka ajiye ta sai ta yi barcinta.

Tafiya ta biyu haka, ta uku haka. Kawu ya ce a duba motar. Tambari ya bari sai da ya ƙone man Kawu a yawon ta'aziyya, sannan ya kai ta wurin wani bakanike a Rabah. Mutumin ya buɗe bonet, ya duba kafireto, ya bi tiyo-tiyon mai da hannu, ya kwanta a ƙarƙashi ya shafa cikin tanki, bai ga ko ɗigo ba. Tambari ya dawo yana tafiya kamar wanda ya ci shari'a. Ya faka a ƙofar gida ya buɗe ƙofofi, duk wanda ya zo wucewa sai ya kira shi ya sunsuna, har da mai tallan rake. Kowa ya ce bai ji komai ba, kuma gaskiya suka faɗa. Don a ƙarasa shashancin, matarsa Ikilima ta fito da kasko da garwashi ta turara motar ciki da bai. Motar da ake zargin tana yoyon fetur! Na yi ihu har muryata ta dushe, ya ce ni dama matsoraci ne tun muna yara.

Da a nan ya tsaya, da na ce wauta ce kawai. Sai ya je zaure ya durƙusa gaban Kawu, ya sassauta murya irin ta mai tausayi.

"Baffa, Allah shi ba ka haƙuri, amma gaskiya ɗai ta. Inna ta hwara ruɗewa. Tsuhwa na. Kowa ya sunsuna motag ga bai ji komi ba, ita ɗai ka ji."

Maganar ta shiga cikin gida kafin azahar. Daga ranar, idan Inna ta ce miya ba gishiri sai matan gidan su dubi juna. Idan ta ce jiya ta ga wance, sai a ce "To, Inna," da irin muryar da ake lallashin yaro. Ba a daɗe ba matar Kawu, Atika, ta karɓe makullin ɗakin ajiya daga hannunta, wai don a hutar da ita. Makullin nan yana ɗaure a haɓar zanen Inna tun kafin a aurar da uwata. Ba ta yi gardama ba, ta kwance ta miƙa, ta daina fitowa tsakar gida.

Wata rana na shiga na same ta tana sunsunar gefen mayafinta. Ta ɗago ta ce, "Sahabi, kai hwa, ba ka taɓa jin komi ba cikin motag ga? Ko ni ɗai ta?" Ni kuwa ban taɓa zama a bayan motar ba. Na fito ina jin kamar in shaƙe wani, kuma na san wanda nake so in shaƙe.

Kawu Yazid mutum ne mai sanyi, amma ɗan Alkali ne, ba ya yanke hukunci da jita-jita. Aka yi haihuwa a gidan ƙanen Inna a Boyekai, sai ya kira Tambari a gabanmu ya ce, "Ran suna ni da kaina za ni zamna baya, inda Inna ka zama. In na ji wari, ka aje makulli ga ƙanenka Mudathir, don ka ɗauki tsohuwa cikin wahala kuma ka ƙaryata ta. In ban ji ba, sai mu kai ta ga likita mu san abin da ka damun ta."

"Na yarda, Baffa," in ji Tambari, har da murmushi.

Ana gobe suna, da hantsi, ya biyo ta shagona ya ce in raka shi gidan mai. Ba don yana son hirata ba, ɗan kallo yake so ya ƙara. Na buɗe ƙofar gaba sai na tarar wurin da mai shi: babbar rigar da zai sa gobe ce, ta sha sitaci daga wurin mai guga, an shimfiɗe ta a kujera. Ya ce in koma baya kada in karya masa guga. Haka na zauna a wurin Inna, riga ta fi ni daraja.

Aka yi bikin da aka saba. "Cika ta!" Aka girgiza, aka ƙara, aka girgiza, har fetur ya leƙo baki. Da za mu dawo sai ya karkata ta hanyar fadama wajen Kwargaba, wai zai ga wani mai albasa. Motar ta faɗa rami ta karkace, ta fito, ta sake faɗawa. Ban san lokacin da na toshe hanci ba. Wari ne mai kauri, irin wanda ke hawa kai ya tsaya a bayan ido.

"Tambari, tsaya."

"Mi?"

"Tsaya ka zaka nan ka zamna."

Ya tsaya yana ƙunƙuni, ya zagayo ya shiga, na rufe masa ƙofa daga waje na tsaya ina kallonsa ta gilashi. Da farko ya yi fuskar raini. Sai hancin ya motsa. Sai fuskar ta zube. Wallahi da kallon nan ake sayarwa da na saya na ajiye.

Zan faɗi gaskiya ko da a kan Tambari ce: ba daƙiƙi ba ne idan ya ga dama. Ya cire hula ya ba ni, ya buɗe bonet ya sunsuna, babu. Ya kwanta a ƙasa ya leƙa ƙarƙashi, babu ɗigo. Ya dawo ciki a durƙushe yana bin warin da hanci, daga kujera zuwa ƙasa, daga ƙasa zuwa bangon motar na gefen da Inna ke jingina. Shimfiɗar da take ɗora ƙafa a kai ta jiƙe ta gefe ɗaya. Ya ciro sukudireba daga tsohon akwatin Alkali ya kwance faifan da ya rufe bangon. A bayansa ga wani ƙaton tiyo baƙi wanda ya haɗa bakin tanki da tankin kansa, ƙurar da ke jikinsa ta zama laka. Ya danna shi da babban yatsa, sai tsaga ta buɗe can sama kusa da wuya, kamar faso a diddigen manomi, fetur ya biyo yatsan.

Ya daɗe yana kallon yatsan. Sannan ya ce a hankali, shi da kansa, "Sai an cika ta har wuya mai ka kawowa nan."

"Kuma ba ka cika ta sai ran da Inna za ta shiga," in ji ni. "Ga bakanike ka kai ta da tanki wayam. Kai da girgizarka kunka sa tsohuwa amai, sannan kac ce ta ruɗe."

Ya goge yatsan a jikin wandonsa. Ni kuwa, don wauta irin tawa, har na fara jin tausayinsa. Na ce, "Tashi mu tahi gida ka ba ta haƙuri. Kakarka ta, za ta yahe ma."

Bai dube ni ba, motar ya duba. "Ba ka ga komi ba, Sahabi."

"Mi kac ce?"

"Tsohuwa ta, gobe ta mance. Ni ko in makullin ga ya bar hannuna, da wane ido za ni kallon mutanen Wurno?"

A nan na san ko wane ne shi. Shekara da shekaru ina zolayarsa ina tsammanin fanko ne kawai, ashe akwai abu a cikin fankon, kuma ba mai kyau ba ne.

Ba zai kai ta gareji ba, don ya san labarin da ya shiga gareji da safe kafin la'asar ya kai kasuwa. Ya bar ni da motar ya tari ɗan acaɓa, ya dawo da sabon tiyo da kilif-kilif na ɗaure shi. Wayata 'yar ƙaramar nan ce mai tocila, ba ta ɗaukar hoto, ban taɓa jin haushinta irin na ranar ba. Ya tuɓe riga ya shiga aiki. Na ce masa ya cire agogon, ba don ina tausayinsa ba, bakina ne ya riga ni. Ya harare ni. Tambari zai fi yarda a cire masa haƙori.

Ya kwance kilif ya fizgo tsohon tiyon, ya manta cewa shi da kansa ya sa aka cika wuyan tankin. Fetur ya kwararo masa daga yatsu har gwiwar hannu. Ya yi tsaki ya ci gaba. Ya zura sabon, ya ɗaure tam, ya mayar da faifan. Ya ce in kama masa mu girgiza motar a gani, na ce hannuna na ciwo, ya girgiza abarsa shi kaɗai yana haki. Ko danshi babu. Gyaran ya yi kyau, ba zan hana shi wannan ba.

Tsohon tiyon da shimfiɗar Inna ya cilla su tsakiyar ruwan fadama. Ya ari bokiti wurin masu ban-ruwan albasa ya wanke cikin motar da garin sabulu, ya bar ƙofofi a buɗe rana ta gasa ta har la'asar. Hannunsa kuwa ya dirje shi da yashi, ya bi da sabulu, ya bi da lemon tsami, ya rufe da turare.

Na ƙudura zan faɗa, ko da ba ni da shaida. Sai dai Kawu ya tafi Rabah ba zai dawo ba sai da safe, Inna kuma ta rufe ɗaki tun yamma ta ce kada a dame ta. Kuma na san yadda za a ɗauki maganata. Wa zai saurari taubashi a kan taubashi?

Da safe gida ya taru a ƙofa, mata suna leƙe daga soro. Tambari ya fito cikin rigar nan tana ƙara don sitaci. Kawu ya shiga baya ya ɗaga gilashi, Tambari ya ja suka zaga gari, har ya bi da shi ta ramuka don a tabbata. Da suka dawo Kawu ya sauko a hankali, bai dubi inda uwarsa take tsaye ba.

"Ban ji komi ba," ya ce.

Wata daga cikin matan ta ja numfashi ta ce, "Allah sarki." Inna ta tako da sandarta ta ce a bar ta ta ji da kanta. Aka taimaka mata ta hau. Ta zauna a wurinta, ta rufe ido, ta shaƙi iska, ta sake shaƙa. Da ta buɗe idon sai na ga ta ƙanƙance a cikin mayafin.

"Babu," ta ce. "Ashe ni ta."

"Kawu," na ce, "ina da magana."

"Taubashi, bari wasa yau," in ji Tambari, mutane suka yi 'yar dariya. Ya matsa bakin ƙofar motar ya karya wuya, ya miƙa mata hannu biyu wai zai gyara mata zama. "Ba komi, Inna. Tsuhwa na, dut can za mu. Likita zai ba ki magani."

Ta kama hannuwan don ta gyara. Sai ta tsaya. Ta saki na dama, ta riƙe na hagu da hannu biyu. Ya so ya janye, amma tsohuwar da ta yi shekaru tana daka ba a fizge mata abu da sauƙi. Ta ɗago wuyan hannun har hancinta, ta sunsuni madaurin agogon. Yashi da lemon tsami sun wanke fatar Tambari, amma fatar agogo ta sha abin da ta sha.

"Yazidu," ta ce, muryar ta dawo irin wadda muka sani. "Zaka ka ji. Ga warin da nika hwaɗi. Ya bar mota ya koma ga direba."

Kawu ya sunkuya ya sunsuna, ya ɗago.

"Gidan mai na, Baffa," in ji Tambari da sauri. "Jiya ya hwantsamo min."

"To ina shimhiɗar da nika aza ƙahwata?" in ji Inna. "Ita ma gidan mai ta tahi?"

Kawu ya juyo gare ni. "Sahabi, kac ce kana da magana. Jiya tare kuke?"

Na faɗa masa duka, tun daga rigar da ta hana ni zama a gaba har tiyon da ke kwance a ruwan Kwargaba. Ban ƙara gishiri ba, labarin bai buƙata. Mudathir ya ɗauko sukudireba ya kwance faifan, ga sabon tiyo yana ƙyalli a cikin motar da komai nata ya tsufa.

Kawu bai ɗaga murya ba. Tambaya ɗaya ya yi. "Jiya ka gani da idonka, yau kuma kac ce mata tsuhwa na?"

Tambari ya dafe aljihun da makullin ke ciki. Kawu ya miƙa tafin hannu ya bar shi a miƙe. Sai da aka ɗan jima kafin makullin ya fito daga aljihun babbar rigar, ya wuce hannun Mudathir a gaban kowa, har da mai tallan rake da ya tsaya kallo.

Inna ba ta ƙara duban jikan nata ba. Ta leƙa soro ta ce, "Atika, makullina." Matar Kawu ta ruga ciki ta kawo, ta durƙusa ta miƙa. Inna ta ɗaure shi a haɓar zane, ta ja ƙullin da haƙori. Kawu ya shiga gaba, ni da Zinariya muka shiga baya. Akwai sauran wuri kusa da ni, Tambari ya kama marfin ƙofa zai hau.

"Mota ta cika," in ji Inna.

Mudathir ya tayar. Da za mu karya kwana na waiwaya. Yana nan tsaye a ƙofar gida cikin sitacinsa, hannun hagun a cikin aljihu.